Shin ya dace a sayi na'urar Enigma a hannun mutum ba tare da an bi ta gwanjo ba?

Sani_Hambug
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsofaffin kayan tarihi a cikinmu. Na daɗe ina tara tsofaffin rediyoyi da kayan sadarwa na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ta wannan hanya aka haɗa ni da wani dattijo a nan arewacin Jamus wanda yake son sayar da na'urar Enigma, wato injin da sojojin Jamus suka riƙa ɓoye saƙonninsu da shi. Mai fayafai uku ce, wato ƙafafun da ke juyawa a cikinta suna sauya haruffa, irin ta sojan ƙasa da na sama. Ya ce a cikin kayan mahaifinsa ya gaje ta, ya yi mata kuɗi Yuro 40,000, kuma ya ce ba ya so ta bi ta hannun kamfanin gwanjo saboda la'adar da suke yanka. A hotunan da ya turo mini akwai akwatin katakon, da maɓallan haruffa 26, da allon wayoyi na gaba, da fayafai uku a cikinta, amma babu ƙaramin akwatin da ake ajiye sauran fayafai biyu. Abin da nake son sani shi ne yadda ake bambance ta gaskiya da ta jabu, da kuma ko wannan kuɗi ajiya ce ko kuwa zubar da dukiya.

Injiniya_Kabiru
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kafin a yi maganar kuɗi, kada ka yarda da hoto ko kaɗan, domin hotunan Enigma sun cika intanet kuma kowa yana iya kwafowa. Ka nemi ya ba ka dama ka je ka taɓa ta da hannunka. Idan ka je, abu na farko da za ka duba shi ne lambar ƙira. Irin wadda ka siffanta lambarta tana farawa ne da harafin A, ta sojan ruwa kuwa da harafin M, kuma wannan lamba ba a jikin injin kaɗai take ba, an zana ta a kan kowane faifai da kuma kan faifan ƙarshe mai mayar da lantarki baya. A waɗanda aka ƙera a tsakiyar yaƙi za ka ga an ƙara wasu ƙananan haruffa uku da ke nuna masana'antar da ta yi aikin, misali aye na kamfanin Olympia da ke Erfurt, ko jla na Heimsoeth und Rinke da ke Balin, sannan lambobi biyu na shekara.

Abu na biyu shi ne gwaji. Yadda aka ɗaura wayoyin cikin fayafan nan biyar ba sirri ba ne a yau, saboda haka kana iya gwada ta da manhajar kwaikwayon Enigma da ke wayarka. Ka jera faifai na ɗaya da na biyu da na uku daga hagu zuwa dama, ka daidaita zobbansu da matsayinsu duka a kan 01, ka cire duk wayoyin allon gaba, sannan ka danna harafin A sau biyar. Idan faifan mayarwa samfurin B ne, fitilun da za su kama su ne B, D, Z, G, O. Haka kuma babu yadda za a yi ka danna harafi fitilar wannan harafin ta kama, domin ƙirar injin ba ta ba da wannan dama ba, kuma wannan rauni yana cikin abubuwan da suka taimaki masu warware saƙonnin. Idan ka danna A fitilar A ta kama, to ko dai wani ya lalata wayoyin, ko kuma abin da ke gabanka ba Enigma ba ne.

AlhajiMudi_Gwanjo
Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farashin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A watan Afrilun 2015 kamfanin Bonhams ya sayar da mai fayafai uku a Niyok a kan Dala 269,000, kuma a watan Yulin 2015 Sotheby's ya sayar da wata a Landan a kan Fam 149,000. Dattijon da ya san sunan abin da ke hannunsa, ya kuma san cewa kamfanonin gwanjo suna yankar la'ada, ba zai rasa sanin waɗannan alƙaluma ba. Ko da an cire masa la'adar da ta fi kowace tsanani, abin da zai rage masa ya ninka Yuro 40,000. To me ya sa yake gudun gwanjo? Amsar da na saba gani a wannan sana'a ita ce, kamfanin gwanjo yana tambayar inda kaya ya fito, yana kawo masani ya kwance shi, kuma akwai masu kayan da ba sa son ɗaya daga cikin biyun.

Zainab_Tarihi
Alhaji Mudi, ina ganin bai kamata a ɗauki farashin 2015 a matsayin ma'auni na kowane lokaci ba. Shekarar ta biyo bayan fitowar wani fim a 2014 kan rayuwar Alan Turing, masanin lissafin Ingila da ya yi aikin warware saƙonnin Enigma, kasuwa ta yi zafi, har littafin rubutun hannun Turing ya kai sama da Dala miliyan ɗaya a wannan gwanjo na Afrilu. Kuma waɗancan injina cikakku ne masu aiki. A 2017 wani kamfanin gwanjo mai suna Artmark ya sayar da mai fayafai uku a Bukares ta ƙasar Romaniya a kan Yuro 45,000, wadda wanda ya kawo ta ya saya a kasuwar tsofaffin kaya a kan Yuro 100 kacal, saboda mai ita ya ɗauka tsohuwar tafireta ce. Saboda haka farashin da aka yi wa Malam Sani ba abin da ba a taɓa ji ba ne, musamman tunda babu sauran fayafai biyu.

AlhajiMudi_Gwanjo
Hajiya Zainab, wanda ya sayar a kan Yuro 100 bai san abin da ke hannunsa ba, shi kuwa dattijon Malam Sani ya sani. Nan bambancin yake.

Dan_Zango_Kumasi
Ku gafarce ni, ni baƙo ne a wannan fanni. Na taɓa karanta cewa an sayar da Enigma a kan Dala 800,000. Idan haka ne, ai Malam Sani ya tsinci dami a kala. Kuma ba wannan ce na'urar da Turing ya fara warware sirrinta ba?

Farfesa_Lissafi
Ɗan'uwa na Kumasi, abubuwa biyu ne suka cakuɗe a tambayarka. Wadda ta kai Dala 800,000 a Sotheby's a watan Disambar 2019 samfurin M4 ce, mai fayafai huɗu, wadda rundunar jiragen ƙarƙashin teku ta Jamus ta fara amfani da ita ranar 1 ga Fabrairun 1942. Irinta ce Christie's ya sayar a kan Dala 547,500 a 2017. Tsadarta ta samo asali ne daga ƙarancinta, domin ba a ƙera ta da yawa kamar ta sojan ƙasa ba, kuma da yawa daga cikinta sun nutse tare da jiragen da ke ɗauke da su. Ta Malam Sani ita ce wadda aka fi samu.

Game da wanda ya fara warware ta kuwa, wannan daraja ta mutanen Folan ce. Marian Rejewski, matashin masanin lissafi, shi ne ya gano yadda wayoyin fayafan suke a watan Disambar 1932, ta hanyar lissafi tare da taimakon wasu takardu da wani ma'aikacin Jamus mai suna Hans-Thilo Schmidt ya sayar wa Faransawa. Shi da abokan aikinsa Jerzy Różycki da Henryk Zygalski sun shekara da shekaru suna karanta saƙonnin Jamus kafin su miƙa wa Ingila da Faransa duk abin da suka sani a wani taro kusa da birnin Warso a watan Yulin 1939. Turing da Gordon Welchman sun ɗora a kan wannan harsashi a Bletchley Park, cibiyar warware saƙonnin sirri ta Ingila, kuma aikinsu babba ne, musamman kan saƙonnin sojan ruwa. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, saboda sauran fayafai biyun da Malam Sani ya ce babu, wato na huɗu da na biyar, a watan Disambar 1938 Jamusawa suka ƙara su. Da fayafai uku hanyoyin jera su shida ne kawai, da biyar kuwa sun zama 60, kuma wannan ƙari ne ya fi ƙarfin kayan aikin da mutanen Folan suke da su a lokacin. Injin da ba shi da waɗannan biyun ba zai iya sake buga yawancin saƙonnin lokacin yaƙi ba, kuma masu tarawa suna rage masa kuɗi saboda haka.

Barista_Hauwa
Ni ta fuskar doka zan yi magana, domin na'ura tana iya zama ta gaskiya amma cinikinta ya zama haramtacce. A watan Afrilun 2000 an sace wata Enigma ta hukumar leƙen asirin sojan Jamus daga gidan tarihi na Bletchley Park, sai a watan Oktoba aka aiko da ita cikin kwali ga wani ɗan jaridar BBC, babu wasu daga cikin fayafanta, kuma daga baya an ɗaure wani dillalin tsofaffin kaya saboda karɓar kayan sata. Tun da kowace na'ura tana da lamba, kuma masana suna riƙe da jerin lambobin waɗanda aka sani, wadda aka sato ba ta sayuwa a fili, sai dai a nemi wanda zai saye ta a ɓoye a kan kuɗi kaɗan. Ba ina cewa dattijon nan ɓarawo ne ba, ina cewa ne Malam Sani ya nemi silsilar mallaka kamar yadda malaman hadisi ke neman isnadi: wane ne mahaifin, a wace runduna ya yi aiki, yaya injin ya shigo hannunsa, akwai wasiƙa ko tsohon hoto ko takardar rabon gado, kuma shin sauran magada sun amince da cinikin.

Akwai kuma batun abin da aka tono. A watan Nuwambar 2020 wasu masu ninƙaya da ke tsamo tsofaffin komayen kamun kifi don ƙungiyar kare muhalli ta WWF sun ci karo da wata Enigma a ƙarƙashin ruwa a mashigin Gelting, ba da nisa sosai daga inda Malam Sani yake ba, kuma hukumar kula da kayan tarihi ta jihar Schleswig-Holstein suka miƙa wa, aka kai ta gidan tarihi a Schleswig. A yawancin jihohin Jamus irin wannan tsintuwa dole a kai rahotonta, kuma tana iya zama mallakar gwamnati. Idan ka ga alamar cewa injin ya daɗe a ƙasa ko a ruwa sannan aka gyara shi, labarin gado ya rushe ke nan. A ƙarshe, kada kuɗi su shiga hannun mai kaya sai an rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar injin da ta kowane faifai, kuma a ajiye kuɗin a hannun amintaccen lauya har a gama bincike.

UmmuAbdallah
Ni dai abin yana ɗaure mini kai. Na'urar da aka riƙa aika umarnin kashe mutane da nutsar da jiragen fatake da ita, ta gwamnatin da ta halaka miliyoyin rayuka, ita ce za mu zuba wa Yuro 40,000 mu ajiye a ɗaki? Ku lissafa rijiyoyin burtsatse nawa wannan kuɗi zai haƙa a ƙauyukanmu. Ban ce haramun ne ba, wannan hurumin malamai ne, amma ban ga dacewarsa ba.

Zainab_Tarihi
Yaya Ummu, damuwarki tana kan hanya, kuma ko a Turai ana wannan muhawara. Sai dai na'urar ta girmi gwamnatin Hitila. Injiniya Arthur Scherbius ya nemi rajistar ƙirarsa tun 1918, aka fara tallata ta a 1923 ga bankuna da kamfanoni masu son ɓoye sirrin cinikinsu, kuma shi kansa ya rasu a 1929, shekara huɗu kafin Hitila ya hau mulki. Yawancin waɗanda ke neman ta a yau malaman lissafi ne da masana kwamfuta da gidajen tarihi, kuma abin da yake jan su shi ne labarin yadda aka karya ta, labarin da ya kasance a rufe har zuwa 1974. Duk da haka ba zan musa ba cewa a cikin masu tara kayan yaƙin Jamus akwai waɗanda sha'awarsu ba ta tarihi ba ce, kuma dokar Jamus ta san da su. Sashe na 86a na kundin laifuffuka ya hana baje alamomin Nazi a bainar jama'a sai don ilimi ko bincike ko makamancin haka, shi ya sa dillalai ke rufe ƙaramin hatimin gaggafa da ke kan wasu fayafai kafin su ɗauki hoto.

UmmuAbdallah
Na ji bayaninki, Zainab, amma wadda ake maganar saye ba ta banki ba ce, ta soja ce. Idan gidan tarihi ne zai ajiye ta ɗalibai su gani, ba ni da ta cewa.

Manjo_Ritaya
Malam Sani, bari in kawo wata hanya. Idan abin da kake so shi ne injin ɓoye saƙo na gaskiya wanda ya ga fagen fama, ba dole sai Enigma ba. Ni M-209 nake da ita, ta sojan Amurka, ƙirar Boris Hagelin ɗan ƙasar Suwidin, wadda kamfanin tafireta na Smith Corona ya ƙera kusan guda 140,000 a jihar Niyok. Saboda yawanta, kuɗinta bai kai ko kusa da na Enigma ba, kuma 'yan damfara ba su cika ɓata lokacinsu a kanta ba. Ba ta buƙatar batir ko kaɗan. Ƙafafu shida gare ta masu haruffa 26, 25, 23, 21, 19 da 17, da wani keji mai sanduna 27. Kana juya harafi a gefen hagu, ka murɗa hannu a gefen dama, sai ta buga maka harafin sirri a kan siririyar takarda, biyar-biyar. Wannan abu ne da Enigma ba ta yi, domin ita fitila kawai take kunnawa, sai wani ya tsaya a gefe yana rubuta haruffan, sannan mai rediyo ya aika. An yi amfani da M-209 har a yaƙin Koriya. Idan za ka saya, ka nemi mai jakarta ta tamfol da ƙananan kayan aikin da ke cikin murfi, wato sukudireba da hantsaki da bututun tawada da na mai, saboda su ne suka fi ɓacewa.

Akwai kuma NEMA ta ƙasar Siwizalan, wadda suka ƙera bayan sun fahimci ana karanta saƙonnin da suke ɓoyewa da Enigma irin ta kasuwa. Guda 640 kamfanin Zellweger ya yi, gwamnati ta cire musu sirri a 1992, ta fara sayar wa jama'a a 1994, saboda haka asalinsu a sarari yake. Waɗanda aka ajiye don ranar yaƙi kusan ba a taɓa amfani da su ba.

Injiniya_Kabiru
Ranka ya daɗe Manjo, na yarda da kai kan NEMA, sai dai ba za a kira ta ta lokacin yaƙi ba, tunda sai 1947 ta fara aiki. Haka ma Fialka ta Tarayyar Sobiyet mai fayafai goma, wadda ta fito a 1956. Mai tara kayan Yaƙin Duniya na Biyu zalla kamar Malam Sani, M-209 ce kawai ta shiga layinsa a cikin waɗanda ka ambata.

Maman_Damagaram
Tambayata ta ɗan kauce, amma ina ganin wasu ma suna da ita. Kakanninmu da yawa sun je wannan yaƙi. Shin babu yiwuwar a samu irin waɗannan injina a gidajen mazan jiya a Kano ko Zariya ko nan Damagaram, an jefa su a rumbu ba a san darajarsu ba?

Manjo_Ritaya
Malam Maman, da wuya ƙwarai. Sojojinmu na Nijeriya da Italiyawa suka gwabza a Habasha da Somaliya a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka tafi Bama suka yaƙi Japanawa. Ba su fuskanci rundunonin Jamus masu ɗauke da Enigma ba, kuma ko da soja ya ci karo da irin wannan na'ura, jami'an leƙen asiri ne ke karɓe ta nan take. Alaƙar yankinmu da yaƙin ta wata fuska ce: daga 1940 ana haɗa jiragen sama a Takoradi, a bi da su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Hartum har Alƙahira. Enigma mafi kusa da mu da na san labarinta ita ce ta jirgin ƙarƙashin teku U-505, wanda sojan ruwan Amurka suka kama a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 4 ga Yunin 1944, kuma jirgin yana gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Cikago tun 1954. Duk wanda ya zo maka da Enigma ya ce a rumbun kakansa ɗan Bama ya samo ta, ka riƙe aljihunka.

Farfesa_Lissafi
Idan akwai injinan ɓoye saƙo da za a iya samu a ƙasashenmu, na bayan samun 'yancin kai ne. Hagelin da Manjo ya ambata ya koma Siwizalan bayan yaƙi ya kafa kamfanin Crypto AG, wanda ya sayar wa ƙasashe sama da 120 injina. A watan Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka bayyana cewa tun 1970 hukumar leƙen asirin Amurka CIA da takwararta ta Jamus ta Yamma ne suka mallaki kamfanin a ɓoye, kuma an raunana injinan da gangan don a riƙa karanta saƙonnin masu saye. Nijeriya tana cikin ƙasashen da rahoton ya ambata. Amma waɗannan kayan gwamnati ne, kuma duk wanda ya fito da su kasuwa ba tare da takardar gwanjon hukuma ba, matsalar da Barista ta yi gargaɗi a kanta ce za ta same shi.

Baba_MaiTafireta
Ni ban taɓa riƙe Enigma ba, amma na tsufa a gyaran tafireta da injinan lissafi na ofis, kuma ƙarfe da katako halinsu ɗaya ne ko'ina. Ɗana Sani, idan Allah ya sa ka saya, kada ka kawo ta gida. Hunturu zai tsotse katakon akwatin ya tsage, damina ta zo ta sa wa ƙarfen tsatsa, ƙura kuma ta shige tsakanin ƙananan filoli na tagulla da ke jikin fayafan ta hana wuta wucewa. Kada ka fesa mata man da ake fesa wa kwaɗo, kada ka goge fentin, kada ka bar batir ya kwana a ciki domin ruwansa yana cin ƙarfe. Tsofaffin injina da yawa da aka kawo mini, mai gyara ne ya kashe su, ba shekaru ba.

Injiniya_Kabiru
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. In ƙara a kan maganarsa, ƙwayayen fitilar Enigma masu shafaffen kai ne, ba zagayayyu irin na tocila ba. Idan aka sa zagayayyu, suna tokarar siririn allon da aka rubuta haruffa a kansa har su fasa shi. Batirinta na asali mai ƙarfin bolt 4.5 ne, kuma wuta mai yawa tana ƙona ƙwayayen, waɗanda samun na asali yake da wuya. Malam Sani ya duba cikin murfin, a nan ake jera na ajiya, tare da takardar umarni da Jamusanci. Kuma ya sani cewa haɗarin da ya fi yawa ba jabu ɗungurungum ba ne. Abin da aka fi yi shi ne a ɗauki gangar jiki ta gaskiya da ta lalace, a sa mata sabon akwati da aka tsufar da shi da gangan, da fayafan kwaikwayo, da sabbin wayoyi, a sayar a matsayin cikakkiya. Irin wannan za ta ci gwajin haruffa biyar da na bayar ba tare da matsala ba, shi ya sa gwajin shi kaɗai bai isa ba.

AlhajiMudi_Gwanjo
Kan ko ajiya ce ko asara, wanda har yanzu ba a amsa sosai ba: mai saye a gwanjo yana biyan la'adar da takan kai kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka buga guduma, mai sayarwa ma ana yankar nasa, ga inshora duk shekara, ga kuɗin masani. Alƙaluman da jaridu ke bugawa sun haɗa da la'adar mai saye, ba su ne abin da ya shiga aljihun mai kaya ba. Kuma ranar da ka matsu, masu sayen irin wannan kaya kaɗan ne a duniya, ba za ka same su cikin mako guda ba. Idan kuma ka yi niyyar fitar da ita daga Jamus, dokar kare kayan al'adu ta 2016 tana neman izini ga wasu kayan gwargwadon shekarunsu da darajarsu, sai ka bincika tun kafin ka biya.

Zainab_Tarihi
Duk da haka tsintuwa tana faruwa, Alhaji. A 2008 an gano Enigma sama da ashirin a wani ɗaki na hedikwatar soja a Madrid, kuma a 2016 masu aikin sa kai na gidan tarihin kwamfuta da ke Bletchley sun sayi na'urar buga saƙo da ke aiki tare da injin Lorenz, wani injin ɓoye saƙo na Jamus, a kasuwar intanet ta eBay a kan Fam 9.50, tana ajiye a wata rumfa a Essex. Iyalai da yawa a Jamus ba sa son sunansu ya fito a kundin gwanjo tare da kayan wancan zamani, kuma wannan kaɗai yana iya sa dattijo ya zaɓi ciniki cikin sirri ko da zai yi asara.

Sani_Hambug
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da dattijon. Ya yarda in je in gani, ya kuma karanto mini lambobin ta waya: ta jikin injin da ta fayafai biyu sun zo ɗaya, ta faifai na uku daban ce. Ya ce yana da takardar sallamar mahaifinsa daga rundunar sadarwa, amma ba shi da wata takarda da ta ambaci injin kansa. Da na kawo maganar zuwa da masani ya buɗe ta, sai ya ce zai yi shawara da ƙanwarsa tukuna.

Injiniya_Kabiru
Faifai ɗaya mai lamba daban ba abin tsoro ba ne, domin a lokacin yaƙi ana musayar fayafai tsakanin injina a wajen gyara, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke gidajen tarihi haka suke. Ni ma ya ɗan ƙara mini natsuwa, saboda mai haɗa jabu yakan so lambobinsa duka su zo ɗaya. Zai dai rage mata kuɗi.

Barista_Hauwa
Ni kuwa maganar ƙanwar ce ta fi jan hankalina. Idan gado ne, ita ma tana da haƙƙi a ciki, kuma sa hannun ɗan'uwanta shi kaɗai ba zai wadatar ba. Malam Sani, ka nemi a sa sunanta a yarjejeniyar, kuma kada ka ba da ko kafin alƙalami sai masanin ya kwance murfin ƙasa ya ga wayoyin da idonsa.

AlhajiMudi_Gwanjo
Idan ya amince da masani, to ka ba shi shawara ku kai ta kamfanin gwanjo su yi mata ƙiyasi, yawancinsu ba sa karɓar kuɗi a kan wannan. In ya ƙi, ni dai ba zan saya ba. Manjo, don Allah a wace ƙasa ka samo taka M-209 ɗin, kuma yaya ka yi da jami'an kwastan wajen shigo da ita?